Amanar Baffa Juli da Diskin da Na Sa a Firigo

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a kanku duka, iyayena da ƴan'uwana. Amin.

Ku yi haƙuri da ni in kun ji muryata tana rawa. Sau uku Fasto yana ce mini in tashi in ba da shaidar nan, sau uku ina cewa sai wani Lahadi. Yawancin shaidun da muke ji a ɗakin nan na waɗanda ciwo ya kayar ne, ko waɗanda aka zalunta, Ubangiji ya tashe su. Tawa ba irin wannan ba ce. Ni na haƙa ramin da hannuna, ni na faɗa ciki, kuma saura kaɗan in ja wata baiwar Allah da marayunta mu faɗa tare.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Iliya. Ina da ɗan shago kusa da tasha a nan Mayahi, inda nake buga wa mutane takardu a ordinater, wato kwamfuta, in yi fotokopi, in ɗauki hoto da bidiyon biki. Duk garin nan Injiniya ake kirana. Ku ma haka kuke kirana.

Ƴan'uwa, ni ba injiniya ba ne!

Birebe ma, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, faɗuwa na yi, har sau biyu. Ɗan abin da na sani na ordinater, wata biyar na yi a shagon wani mutum a Maraɗi ina leƙen hannunsa. Da na dawo gida wani ya tambaye ni inda na yi karatu, sai bakina ya ce Yamai. Ya ce, "Har da difilom?" Na ce har da difilom. Tun ran nan ƙarya ta samu wurin zama a bakina. Na sa aka rubuta Injiniya da jan fenti a allon shagona. In aka kawo abin da ya fi ƙarfina, ba na cewa ban iya ba, sai in ce kayan aiki ne ba su iso ba tukuna. Akwai wani mai gyaran ordinater a Tasawa, Malam Lawali, wanda ya karanci abin da gaske. In na ji mutum zai kai masa na'urarsa, sai in taɓe baki in ce, "Wancan? Ai ɗan kwaikwayo ne, ƙarasa kashe maka ita zai yi." Mutumin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba!

Ran Lahadi kuwa ina nan gaba, riƙe da littafin waƙoƙi, muryata ta fi ta kowa.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar bazara, wani tsoho Bafulatani ya tsaya a ƙofar shagona. Baffa Juli ake ce masa, rugarsu tana bayan garin da ake kira Sarkin Hausa. Na san shi sama-sama, yakan kawo takardun rigakafin shanu in yi masa kopi. Ran nan ya zo da ɗiyarsa Dija, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da ƴaƴa uku, da kuma wani tsoho amininsa.

Ya zauna a benci, ya jingine sandarsa, ya ce, "Injiniya, an ce kana iya kama maganar mutum da fuskarsa ka ajiye, ko bayan ransa a ji shi."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa. Ai aikinmu ke nan."

Ya ce, "To, jikina yana faɗa mini wani abu. Akwai shanu huɗu da na ba Dija kyauta tun ina da raina, don ta riƙe marayunta. Ƙanenta Bube ya yi kudu da garke, ba ya nan. Yaron kirki ne, amma shanu suna juya zuciyar mutum. Ina so in faɗa da bakina, kai kuma ka ajiye."

Na kafa kamara. Ya yi magana mai ɗan tsawo, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Da ya gama sai ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya ce, "Ka san abin da ya kawo ni gare ka? Akwai masu wayar salula a rugarmu, amma salula tana faɗawa rijiya, yara kuma suna goge abu. Kai ɗan mishan ne. Tun ina saurayi nake jin ku ba ku cin amana."

Na daki ƙirji na ce, "Baffa, wuri uku zan ajiye ta. Ɗaya cikin ordinater, ɗaya a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikinta, ɗaya a gida cikin akwati. Ko shagon nan ya ƙone ƙurmus, maganarka tana nan."

Wuri ɗaya na ajiye.

Na zuba bidiyon cikin ordinater, na ce gobe zan sayo kile in sa. Kwana biyu bayan nan aka kira ni bikin aure, memuwar kamarata, wato ma'ajiyarta, ta cika, na goge bidiyon tsohon na ɗauki masu rawa.

Ga wanda bai sani ba, cikin ordinater akwai wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, diski ake ce masa. Shi ne rumbunta, komai a nan take zubawa. Nawa tsoho ne, don na'urar ma ta hannu na saya. Tun da damina ya fara yi mini gargaɗi. In na buɗe hoto sai ya daɗe bai fito ba. Sai in riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar kaza tana saran kwano. Matata Rahila, ga ta can zaune, ta taɓa ce mini, "Baban Hannatu, wannan ƙarar lafiya kuwa?" Na ce, "Ke mi kika sani a ciki? Aiki take yi."

Bayan girbi labari ya iso cewa Baffa Juli ya rasu. Amininsa da ya zo yi masa shaida kuwa ya riga shi tafiya tun cikin damina. Na tuna da bidiyon. Na sake cewa gobe.

Wata safiya na kunna ordinater, allon ya tsaya baƙi, sai ɗan layin rubutu guda: ba ta ga diski ba. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Ƙas, ƙas, ƙas, shiru.

Kasuwar da ta biyo baya sai ga Dija. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, na yi mata gaisuwar rashi. Ta ce, "Injiniya, maganar Baffa na zo karɓa. Bube ya dawo, ya ce shanun duka na gado ne, a haɗa a raba. In aka raba tsakanin magada, abin da zai zo hannuna bai kai saniya guda ba, ga yara da nono suka dogara. Liman ya ce in kawo shaida. Na ce ina da ita, tana wurin ɗan mishan."

Ƴan'uwa, ga ƙofar gaskiya nan a buɗe gabana. Sai na ce, "Ayya, yau babu wuta. Ki dawo kasuwa mai zuwa."

Fanka tana juyawa a bayana. Ta ɗaga ido ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Kasuwa ta biyu na ce kilen tana wurin wani abokina a Maraɗi. Kasuwa ta uku kuwa, da na hango ta tana sauka daga amalanke, na ja ƙofar shago na kulle, na zagaya ta baya na gudu. Ni, magidanci mai ƴaƴa, ina laɓe bayan katangar tasha saboda matar da ba ta da ko sanda a hannu! Ta zauna a ƙofar shagona cikin rana har la'asar. Rahila ce ta gan ta ta kai mata ruwa. Ta bar mini saƙo: mai gari da liman sun sa rana, saura kwana goma sha biyu a yanke maganar shanun.

Sai na shiga neman hanya kamar mahaukaci. Ban nemi wanda ya sani ba, don Injiniya ba ya tambaya. Salulata na riƙa bi ina kallon abin da mutane ke cewa sun yi ya yi musu.

Na ciro diskin na haɗa shi da wata na'ura da aka kawo mini gyara. Na canza waya, na tsayar da shi a gefe, na kifa shi. Ana cikin haka, ƴan'uwa, ya farka! Na ga sunayen ayyukana sun jeru a allo. Ga sunan Baffa Juli nan ina kallo da idona. Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyu ba: in kwashe bidiyon nan in sa a wani wuri. Amma girman kai ya ce mini, don mi za ka ɗauki abu ɗaya ka bar saura? Gyara diskin duka, a san kai ne. Sai na sa masa wani lojisiyel, wato manhaja, da na sauke, wai mai gyaran diski. Yini biyu yana ta niƙa, ƙarar tana ƙaruwa, ƙarfen ya yi zafi kamar dutsen guga. Bai kai rabi ba wuta ta ɗauke. Da ta dawo, diskin bai sake nuna fuskarsa ba.

Allah ya ba ni dama a tafin hannu, na zubar!

Wani ya ce a ƙwanƙwasa shi, wataƙila wani abu ne ya maƙale. Na ƙwanƙwasa da ƙotar turnabis, abin kwance noti, a hankali, sannan da ƙarfi, sannan na buga shi da tebur. Wani ya ce sanyi yana tayar da diskin da ya suma. Na nannaɗe shi cikin leda biyu na kai wa maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara, na ce masa magani ne ya sa mini a firigo. Kun ga, ko nan ma sai da na yi ƙarya. Ya yini ciki. Da na fito da shi cikin zafin garin nan, kafin in isa shago ya jiƙe sharkaf kamar an yayyafa masa ruwa. Duk da haka na sa masa wuta. Ya yi wani siririn kuka, ya tsaya.

Saura kwana takwas. Abu ɗaya ya rage cikin abin da na gani: a kwance murfin, a tura allurar ciki da yatsa. Na sayo ƙaramin turnabis mai bakin tauraro. Na kwance noti biyu ke nan, rana tana tsaka, sai Rahila ta shigo da abincina.

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Ka taɓa buɗe irinsa?"

Na ci gaba da juya turnabis.

Ta ce, "Baban Hannatu, shekara tara muna tare, ban taɓa ganin difilom ɗin nan ba. Ban tambaya ba don kada in kunyata ka. Amma matar nan ta zauna a ƙofarka cikin rana tana sa maka albarka, tana cewa aiki ne ya yi maka yawa. In ka buɗe shi ya mutu gaba ɗaya, mi za ka ce mata?"

Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Sai in ce ɓarayi suka fasa shagon."

Kun ji? Amsar a shirye take. Ashe tuni na gama kitsa ta a zuciyata, har na san tagar da zan ɓalle. Rahila ta dube ni. Ta ajiye kwanon a ƙasa, hawaye suna zuba, ta fita.

Na ji maganar kamar wani ne ya faɗe ta, na ji ƙyamar mai faɗin. Na tura ƙofa, na durƙusa tsakanin benci da injin fotokopi. Ni da na iya doguwar addu'a a gaban jama'a, ran nan kalma ta ƙi zuwa. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ya Yesu, ni maƙaryaci ne. Ni maƙaryaci ne. Ka ji tausayina." Na yi kuka kamar yaro.

Ba zan ce muku na ji murya daga sama ba, na gaji da ƙari a magana. Amma wani abu ya tsaya a zuciyata daram: ajiye turnabis, tashi ka je ka faɗi gaskiya. Na fara ciniki da Ubangiji. Na ce, ka bari in ceto bidiyon tukuna, in ya fito sai in faɗi komai. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Sai da na ce, to, ko ya fito ko bai fito ba zan faɗa, sannan na iya miƙewa tsaye.

Na mayar da notin nan biyu. Na tafi wurin Fasto na zazzage masa komai, tun daga birebe. Da na gama ya ce, "Ɗan'uwa Iliya, ba ni ka yi wa laifi ba. Ɗauko moto, tare za mu je."

Washegari da hantsi muka isa rugar a kan babur ɗin. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Dija ta fito da murna, tana tsammani saƙonta na kawo. Bube yana tsugune gefe yana tufka igiya, dogon mutum mai ƙarancin magana.

Na ce, "Yaya Dija, na zo in faɗa miki gaskiya. Wuri ɗaya na ajiye maganar Baffa, ba uku ba. Wurin kuwa ya lalace tun kafin zuwanki na farko. Ran da na ce babu wuta, akwai. Babu wata kile a Maraɗi. Ran da kika zauna a ƙofata, ina bayan katanga. Ni ba injiniya ba ne."

Bube ya ɗago kai ya ce, "To, kin ji. Babu wata shaida."

Dija ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Da ka faɗa mini tun ranar farko, da na nemi wata hanya. Sau uku ina barin yarana." Sannan ta dubi Fasto ta ce, "Baffa ya ce ku ba ku cin amana."

Fasto ya sunkuyar da kai. Dattijon da bai yi laifin komai ba! Nan na gane ba kaina kaɗai na zubar ba. Sunan da ake kiranmu da shi na ja cikin ƙasa, a gaban mutanen da suka daɗe suna ganin mutuncinmu.

A hanyar dawowa Shaiɗan ya yi ta raɗa mini: ga amfanin gaskiyarka nan, ka miƙa wa Bube shanu. Muna isowa na sauke allon shagona na shafe jan rubutun. Fasto ya ce, "Saura wuri ɗaya. Ka ce akwai wanda ya san aikin a Tasawa."

Wannan tafiyar ta fi ta ruga nauyi a ƙafata. Na samu Malam Lawali a atiliyensa, wato shagon gyaransa, ɗan gajeren mutum mai tabarau. Da na faɗi sunana sai ya yi murmushi ya ce, "A'a, Injiniyan Mayahi da kansa? Sannu da zuwa. Ni ne ɗan kwaikwayon."

Ashe duk abin da nake faɗa yana isa kunnensa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe shi gafara, na ba shi labarin tsohon da shanun. Ya ce, "Wancan ya wuce. Zauna ka faɗa mini duk abin da ka yi wa diskin nan, kada ka rage ko ɗaya."

Na fara jerowa. Da na zo kan lojisiyel ya dafe kai. Da na zo kan bugawa da tebur ya cire tabarau. Da na ce firigo sai ya ce, "La'ilaha illallahu! Kifi ne?" Sannan ya duba notin ya ce, "Ka buɗe shi?"

Na ce, "Biyu na kwance, na mayar."

Ya ce, "To, wannan kaɗai ne abin kirkin da ka yi. Abin da ke ciki ko ƙwayar ƙura ba ya so. Masu buɗe shi ɗaki na musamman gare su, a ƙasashe masu nisa, ba aikin irinmu ba ne. Ban yi maka alkawarin komai ba. Diskin da ya fara wannan ƙarar, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe, kai kuwa ka cinye masa kwanakinsa."

Ya ajiye shi kwana biyu ya bushe. Sannan ya haɗa shi da wata na'ura da ke kan batirin hasken rana, don kada wuta ta yanke, ya sa masa ƙaramar fanka. Ya bayyana mini cewa ba gyara zai yi ba, ba zai rubuta komai a kansa ba. Kwashewa kawai zai yi zuwa sabon diski, ya fara da wuraren da ke karantuwa da sauƙi, inda ya ji rauni ya tsallake, in da sauran numfashi a komo daga baya. Ya ce, "Kala za mu yi, kamar bayan girbi. Abin da aka samu a gode wa Allah."

Sau biyu aka kunna bai amsa ba. A na uku ya ɗan juya, lambobi suka fara tafiya a allo, a hankali kamar hawainiya.

Na sauka wurin wani ɗan'uwa mai bi a Tasawa, kullum da safe in zo in zauna a benci ina kallon lambobin nan. A nan gida Rahila ta faɗa wa zumuntar mata, kuka ɗauki azumi saboda ni, alhali ba ku san rabin abin da na yi ba. A rana ta uku diskin ya yi ƙas sau ɗaya, ya yi shiru. Malam Lawali ya kara kunne, ya ce, "Ya tafi ke nan." Abin da aka kwaso bai kai rubu'i ba, shi ma a warwatse, babu suna.

Lokacin azahar ya yi, ya ce in riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kafin ya dawo daga masallaci. Na yi ta buɗewa. Rabin fuskar amarya. Takardar wani da ta zama shirme. Masu rawa sun tsaya cak. Ina ta cewa, "Ya Ubangiji, ba don ni ba, don marayun nan." Sai na ga wani tsoho da malafa. Sai na ji, "Bismillahi. Ni ne Juli."

Halleluya! Halleluya, ƴan'uwa!

Na yi ihu har masu shagunan kusa suka leƙo. Amma da muka kalla tare, bidiyon bai fi minti huɗu ba. Sauran ya tafi. Malam Lawali ya sa shi a kile biyu da salulata, ya ba ni aron ƙaramar ordinatersa. Ya ce, "Je ka. In kana son koyon aikin da gaske, ƙofata a buɗe take."

Ranar da aka sa, aka taru ƙarƙashin gawo a ƙofar mai gari. Liman yana nan, magada suna nan, mata daga baya. Na tashi na faɗa a gaban kowa cewa maganar ba ta cika ba, kuma laifina ne. Sannan na kunna.

Fuskar tsohon tana tsagewa, tana haɗuwa, amma muryar tas. Mata suka fashe da kuka. Ya gai da jama'a, ya faɗi sunansa da na ubansa. Sai ya ce, "Bube, in kana jina, ka tuna ran da uwarku ta rasu kana rarrafe. Dija ce ta goya ka har ka yi ƙafa. Na ba ta shanu huɗu, kyauta ce, ba gado ba. Na ba ta Wule. Na ba ta Saige da ɗan maraƙinta. Na ba ta..."

Nan ya yanke. Bakinsa a buɗe, hoton ya daskare.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Biyu sun tabbata da suna. Sauran biyun ba mu ji ko waɗanne ba ne, sai mu duba yadda za a yi."

Ni dai kaina yana ƙasa. Biyun nan ni na cinye su.

Sai Bube ya ce, "A sake sa shi." Na sake. Ya matso ya tsuguna dab da allon, yana kallon ubansa. Da aka zo inda ya yanke, ya ja rawaninsa ya rufe fuska. 

Daga cikin rawanin ya ce, "Da Nore. Da Ole. Ya faɗa mini a bakin rijiya tun kafin in yi kudu. Wallahi ya faɗa mini."

Jama'a suka ɗauki salati da hamdala. Ni kuma a zuciyata ina cewa, na gode Yesu, na gode! Abin da na lalata da hannuna, Allah ya ƙarasa shi ta bakin wanda ban taɓa zato ba.

Da za a watse na miƙa wa Dija kile ɗaya. Ta karɓa, ta ƙulle ta a bakin mayafinta, ta ce, "Na yafe maka. Amma wanga karon ni zan ajiye." Har yau muna gaisawa in ta zo kasuwa. Ba ta sake kawo mini ajiyar komai ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi ta gudun tsayuwar nan. Ba maganar Baffa Juli kaɗai ke cikin diskin nan ba. Hotunan baftismar da aka yi bara suna ciki. Bikin aure na mutum uku da ke zaune a ɗakin nan yana ciki. Kun yi ta tambayata, ina ce muku ana kan wankewa. Ba a kan wanke komai. Sun tafi.

Mama Saratu, hoton marigayi Baba da kika kawo in ƙara masa girma, na ce miki na aika Maraɗi. Ban aika ba. Na ɗauki kopinsa na sa a ordinater, na asalin kuma na yi sakaci ya ɓace a shago. Shi ke nan hotonsa da kike da shi, na sani. Mun nema cikin abin da aka kwaso, ba ya ciki. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ki gafarta mini, Mama. In an tashi sujada zan tsaya a bakin ƙofa, duk wanda na yi wa ƙarya ya zo ya faɗa mini a fuska, zan saurara.

Masu ordinater da masu salula, ku ji daga bakin wanda ya ƙone: abin da kuke so, ku ajiye shi wuri biyu tun yau. In kun ji na'ura ta fara ƙara, ku kashe ta ku kai wa wanda ya sani. Kada ku buga, kada ku sa a sanyi, kada ku buɗe. Cewa "ban iya ba" ba ta kashe kowa.

Ina gode wa Allah saboda Rahila, saboda Fasto, saboda Malam Lawali da ya saka mini mugunta da alheri. Fiye da duka ina gode wa Yesu, wanda bai jira na gyaru ba kafin ya saurare ni. A durƙushe ya same ni, da sabuwar ƙarya a bakina, bai kau da kai ba.

In akwai wani a nan da ke ɗauke da abin da yake tsoron a sani, ɗan'uwana, ƴar'uwata, na san nauyinsa. Kada ka jira sai ka gyara sannan ka faɗa. Kai masa shi yadda yake, a lalace. Za ka ji kunya, ni ma har yanzu ina ji, ga shi kuna ganin gumi yana karyo mini. Amma ka dogara gare shi, zai riƙe ka a cikinta.

Yabo ya tabbata ga sunansa har abada. Amin.